Rangwamen ɗan haya da tsofaffin takardun harajin masu gidaje a Tirkaniya

Tun da sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025 suka fara aiki a Janairun 2026, hankalin jama'a ya karkata ga naira 800,000 ta farko da aka yafe wa haraji. Sai dai sashen da ya fi shafar masu gidajen haya a Tirkaniya, da ke kudancin Kogin Kaduna, shi ne rangwamen ɗan haya: za a cire masa kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarta naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai, muddin ya bayyana ainihin abin da ya biya.

Abin da ɗan haya ya rubuta a matsayin kashewa, shi ne kuɗin shigar mai gida. Ma'aikacin gwamnatin da ake cire wa haraji daga albashi, kuma yake da ɗakuna ko shago a gefe, yakan ɗauka cewa ya sauke nauyinsa. Albashi kaɗai aka cire wa. Haya da ribar shago suna jiran ya bayyana su da kansa kafin 31 ga Maris na kowace shekara. Yanzu kuwa shaidar abin da bai rubuta ba tana iya fitowa daga hannun wanda ke kwana a gidansa.

Wanda ke son gyara ba Abuja zai nufa ba. Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, wato hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna, KADIRS. Can zai kai rasiɗai da bayanan banki, ya nemi a sake lissafin shekarun da ya rage. Da tsohuwar doka ake lissafa waɗancan shekaru, mai matakai daga kashi 7 zuwa 24, don haka yafiyar naira 800,000 ba ta waiwayo baya. A tsohuwar dokar, hukuma na iya komawa shekaru shida; idan kuwa ta tabbatar da zamba ko ɓoyewa da gangan, babu iyaka. A nan ne wanda ya kai kansa yake da hujjar cewa kuskure ne, hujjar da wanda aka bankaɗo zai sha wuyar kafawa.

Gyaran ba kyauta ba ne, akwai tara da kuɗin ruwa, kuma tsoronsu ne ke sa mutane yin shiru. Shirin VAIDS da Yemi Osinbajo ya ƙaddamar a 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya yafe waɗannan ga masu bayyana kansu, har zuwa ƙarshen Yunin 2018. Buɗe irin wannan ƙofa na ɗan lokaci zai fi yi wa Kaduna sauƙi da arha a kan bin gidajen Tirkaniya ɗaya bayan ɗaya.