Ayaba: A Falo Ko A Tsakar Gida?

Akwai wata sabuwar ɗabi'a da ta fara shiga gidajen ma'aikata da 'yan boko, watau dasa ayaba cikin tukunya a girke ta a falo don ƙawa. A ganina wannan kwaikwayo ne da aka yi ba tare da an tambayi dalilin masu abin ba, kuma bai dace da gari irin Daura ba.

Bature yana da hujjarsa. Ayaba shukar ƙasashen zafi ce, asalinta daga kudu maso gabashin Asiya. Sanyi kan tsayar da girmanta, ƙanƙara kuwa ta ƙone ta. Saboda haka ne a shekarun 1830 wani ma'aikacin lambu mai suna Joseph Paxton ya rene ta cikin ɗakin gilashi a Chatsworth, gidan wani basaraken Ingila, William Cavendish. Sunan wannan basarake aka laƙaba wa irin, kuma shi ne ya mamaye kasuwar duniya bayan cutar Panama ta lalata gonakin irin Gros Michel a shekarun 1950. Gajeren nau'insa ne aka fi dasawa a tukwane. Ashe dai Bature ɓoye ta ya yi daga sanyi. Mu fa, daga me muke ɓoye ta?

Abin da ke damun ayaba a ƙasarmu shi ne ƙishirwa da busasshiyar iska, falo kuwa ba ya maganin ko ɗaya. Tana bukatar rana ta sa'o'i da dama kullum, alhali tagoginmu a rufe suke da labule saboda ƙura da kunya. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna ƙara busar da gefen ganyenta, ƙananan ƙwari su taru a bayansa suna tsotsa. Da wuya ƙwarai ta haihu a irin wannan zama. Sai a yi ta ɗura mata ruwa, ita kuwa tana ta ramewa.

Maganar ruwan nan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Duk ɗalibin Hausa ya san labarin rijiyar Kusugu, inda aka ce maciji ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi, ko ya ɗauke shi a matsayin tarihihi kamar yadda wasu malamanmu suka yi, abu guda a fili yake: mutanen da suka gina labarin kafuwar sarautarsu a bakin rijiya sun san darajar ruwa. Damina a nan 'yan watanni ce, sauran shekara kuwa rani. Ban ga hikimar a sayi ruwa daga hannun ɗan garuwa a zuba wa shukar da ba za ta ba da ko ɗa guda ba.

Iyayenmu mata sun daɗe da gano hanya. Lalle da zogale da gwanda da lemun tsami duk a tsakar gida suke tsayawa, kusa da makwarara, suna shan ruwan alwala da na wankin hatsi wanda da ma zubarwa za a yi. Nan ne mazaunin ayaba. A haƙa rami mai faɗi a jikin katangar da za ta kare ta daga iskar hunturu, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana yayyaga ganye. A cika shi da ruɓaɓɓen takin awaki da ɗan toka, a lulluɓe gindin da busasshen ganye don ya riƙe laima. Ayaba ba itace ba ce. Abin da muke gani kamar gangar jiki ɓawon ganye ne da ya naɗe juna, ainihin tushen yana ƙarƙashin ƙasa. Kowace uwa sau ɗaya take haihuwa, bayan kimanin shekara guda ko fiye, sa'an nan a sare ta. Don haka a bar mata 'ya ɗaya da jika ɗaya, a cire sauran a ba maƙwabta.

Wani zai ce tana tara sauro. Gaskiya ne idan an bar ruwa ya kwanta, amma ita kanta ba ta son kwantaccen ruwa, saiwarta ruɓewa take yi. Ruwan wanki mai yawan sabulu shi ma a kauce masa.

Wanda ke haya a bene, ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa, shi kam ba na ganin laifinsa. Ya nemi babbar tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ya ajiye ta a baranda inda hantsi ke duka, ya riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma a lokacin hunturu, kada kuma ya ƙara ruwa sai ya taɓa saman ƙasar ya ji ya fara bushewa.