Sharhi: Miƙa Takardar Neman Haƙƙin Ƙirƙira Mafarin Aiki Ne Kawai

Da yawa daga cikin masu bincike a jami'o'i da masu ƙere-ƙere a ƙananan masana'antun Nijeriya sukan ɗauka cewa da zarar sun miƙa takardar neman haƙƙin mallakar abin da suka ƙirƙiro a ofishin Magatakarda da ke Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, to sai jiran takardar shaida. Alhali kuwa daga wannan rana ce ake fara ƙirga kwanaki, kuma akwai wa'adin da in ya wuce ba ya dawowa.

Dokar da ke kula da wannan fanni, wadda aka kafa a 1970, ta ba da haƙƙin ne ga wanda ya riga kowa miƙa takarda, ko da wani ya riga shi tunanin abin. Ta kuma ƙayyade cewa haƙƙin zai ƙare bayan shekara 20 daga ranar miƙawa, ba daga ranar da aka ba da shaida ba. Ke nan duk watan da fayil ya yi yana kwance saboda ba a cika wata takarda ko ba a biya wani kuɗi ba, daga cikin shekarun cin moriyar mai shi ake zaftare shi.

Wa'adin da ya fi tsanani shi ne na wata 12. Shaidar da aka samu a Abuja a cikin Nijeriya kaɗai take aiki. Yarjejeniyar Faris, wadda ƙasar nan ta shiga a 1963, ta ba mai nema shekara guda ya kai buƙatarsa wasu ƙasashe tare da riƙe ranarsa ta farko. Mai injin sussukar masara da yake hangen kasuwannin Nijar, Kamaru da Cadi sai ya nufi ƙungiyar OAPI da ke Yawunde, mai hangen Gana kuwa yana iya bi ta ARIPO da ke Harare, domin Nijeriya ba ta cikin ko ɗaya daga ƙungiyoyin biyu. Idan shekarar ta shige, alhali ya riga ya baje injinsa a kasuwar baje koli ko ya wallafa bayaninsa a mujalla, to bayanin nasa ne zai zama hujjar cewa abin ba sabo ba ne. Daga nan sai wani ya kwaikwaya ya sayar: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tun 2005 Nijeriya take cikin yarjejeniyar PCT, wadda hukumar WIPO ta Janeba ke gudanarwa. Takarda guda da aka miƙa ta wannan hanya kafin cikar wata 12 takan tsawaita lokacin zaɓen ƙasashe zuwa wata 30 a galibin wurare. Amma wata 30 ɗin ma daga ranar farko ake lissafa su, kuma kowace ƙasa na buƙatar kuɗinta, wakilinta, wani lokaci har da fassara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan wannan akwai kuɗin shekara-shekara. Doka ta ce haƙƙin yana faɗuwa idan ba a biya ba, sai dai ta ɗaga ƙafa na wata 6 tare da tara. Har ila yau, Magatakarda cikar takardu kawai yake dubawa. Ba ya binciken ko abin sabo ne. Babbar Kotun Tarayya na iya soke shaidar daga baya. Don haka wajibi ne mai nema ya riƙa bibiyar abin da wasu ke miƙawa, alal misali a rumbun PATENTSCOPE da ake shiga kyauta ta intanet.

Wasu za su ce wannan aikin lauya ne, ko na hukumar NOTAP da ke taimaka wa masu bincike wajen yin rajista. Gaskiya ne suna da rawar da za su taka, amma in wa'adi ya kuɓuce, mai abu ne ke asara. Ya kamata kowace jami'a da cibiyar bincike ta ajiye littafi guda mai ɗauke da lambar kowane fayil, ranar miƙawa, ranakun wa'adi da sunan jami'in da zai amsa tambaya, ta kuma sa kuɗin sabuntawa cikin kasafinta na shekara. Shi ma ofishin Magatakarda ya kyautu ya sauƙaƙa wa mai nema daga Kalaba ko Sakkwato sanin inda fayil ɗinsa ya kwana ba tare da ya yi tattaki zuwa Abuja ba.

Ba kowace ƙirƙira ce ta cancanci a yi ta biya mata kuɗi har shekara 20 ba. Wadda kasuwa ta ƙi, babu laifi a sake ta. Abin da bai dace ba shi ne dukiyar da aka kashe kuɗin jama'a wajen samar da ita ta salwanta don kawai ba wanda ya duba kalanda.