Fuskar Kowa da Dalilinta

"Mai Goshi", "Dogon Haɓa", "Haƙora Waje". Irin waɗannan sunaye sun yi yawa a aji da ɗakin kwana. A ganinmu lokaci ya yi da za mu bar su, domin babu wanda ya zaɓar wa kansa fuska.

Ƙasusuwa 14 ne suka haɗu suka yi fuskar mutum, kuma abubuwa uku ke tsara su. Na farko gado. Tsawon haɓa da faɗin kumatu daga iyaye da kakanni muke samun su. Wanda ya yi wa fuskar wani dariya, danginsa duka ya taɓa.

Na biyu sinadaran jiki da ake kira homon. Idan yaro ya fara balaga, testosteron yana ƙara masa faɗin muƙamuƙi da tudun gira, kamar yadda yake buɗe masa murya. Su ma 'yan mata fuskarsu tana sauyawa a wannan lokaci. Ke nan yawancinmu ba mu ma gama yin fuskarmu ba tukuna.

Na uku abinci. Ƙashi yana buƙatar kalsiyam da bitamin D. Binciken likitoci a Jos ya nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci yana lanƙwasa ƙasusuwan yara, duk da yawan ranar da muke da ita. Wannan ciwo yakan sa goshin yaro ya fito.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo a rai. Jikin mai sikila yana ta ƙoƙarin yin sabon jini, sai ɓargo ya faɗaɗa, goshi da haƙoran sama su turo gaba. Wataƙila wanda muke tsokana da "Mai Goshi" daren jiya bai yi barci ba saboda ciwon ƙashi.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai mu kira kowa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Kuɗin tara kuma kada ya ƙare a alewa da lemon kwalba. A nemi nono ko kindirmo, a ci miyar kuka da zogale. Malamanmu, don Allah idan kun ji irin wannan suna a aji ku tsawatar, kuma kada ya fito daga bakinku ko da wasa.