Kira ga Hukumar NITDA kan Musayar Bayanai Tsakanin Manhajojin Gwamnati

Ranka ya daɗe, Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa.

Na kawo kuka ne a kan wani abu da yake faruwa a cikin kwamfuta, amma talaka ne yake biyan kuɗinsa a bakin kanta. Tun 2014 aka fara BVN, lambar tantance masu asusun banki. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, a 2021 kuma JAMB ta wajabta wa ɗalibai wannan lambar. Ke nan dole manhajojin banki da na kamfanonin waya da na hukumomi su riƙa miƙa wa juna bayanan mutane kullum. To amma kowace manhaja da ɗan kwangilar da ya rubuta ta: wannan da harshen PHP, wancan da Java, wani da Python.

Bambancin harsunan nan ba laifi ba ne, kuma ba na roƙon a tilasta wa kowa harshe ɗaya. Duniya ta riga ta samu mafita. Akwai tsarin tura bayanai na XML tun 1998, akwai JSON wanda aka tsayar da ƙa'idarsa ta yanzu a 2017, kuma duk waɗannan harsuna suna karanta su. Inda gizo ke saƙa shi ne yarjejeniya a kan siffar abin da ake turawa.

Ga misali. Manhaja ta aika ranar haihuwa 03/04/1998 tana nufin 3 ga Afrilu, wadda ta karɓa kuma an saita ta da tsarin Amurka, sai ta karanta 4 ga Maris. Lambar asusu ko ta waya da ta fara da sifili, idan aka tura ta a matsayin adadi maimakon rubutu, sifilin ya zube. Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na haruffanmu masu lanƙwasa. Ƙa'idar JSON ta ce a yi amfani da tsarin haruffa na UTF-8, wanda yake ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lafiya ƙalau, amma da zarar an samu tsohuwar ma'ajiya guda a hanya, sai Ɗanjuma ya fito da alamar tambaya a farkon sunansa. Daga nan kwamfuta ta ce bayanai ba su yi daidai ba. Tsohuwar da ta taso daga ƙauye don fanshon mijinta ba ta san da wannan ba, abin da ta sani shi ne an ce ta je kotu ta yo takardar rantsuwa.

Ranka ya daɗe, hukumarku ta fitar da tsarin haɗakar ayyukan gwamnati ta intanet, Ne-GIF, a 2019, kuma ku ne kuke tantance ayyukan fasahar ma'aikatu kafin a fara su. Ƙarfin yana hannunku. Ina roƙon kada ku sa hannu a kan wata sabuwar manhaja sai ta cika sharaɗi rubutacce: UTF-8 tun daga fom har ma'ajiya, kwanan wata a tsarin ISO 8601, wato 1998-04-03, sannan NIN da BVN da lambar asusu su tafi a matsayin rubutu. A kuma fayyace gurbin sunan mutum da na mahaifinsa da na gari, don da yawanmu sunan gari ne sunanmu na ƙarshe.

Ku wallafa wannan sharaɗi a fili, tare da dandalin gwaji mai sunayen Hausa, Fulfulde, Yarbanci da Ibo na ƙirƙira, yadda matashi mai rubuta manhaja zai gwada aikinsa ba tare da ya taɓa bayanan kowa ba, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 take buƙata. Tsofaffin manhajoji kuwa a ba su wa'adin gyara.

Allah ya taya ku riƙo, ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai rubuta manhaja