Faransancin neman shawara, da Hausa ya kamata a koyar da shi

Mutumin Sule Tankarkar ba ya bukatar Faransanci don ya sayi sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko don ya gaida surukansa a Magarya, can ƙetaren iyaka. Hausa ta wadatar da shi a ɓangarorin biyu, tun kafin mahukuntan Nijar su ayyana ta harshen ƙasa a 2025, su mayar da Faransanci harshen aiki. Inda yake bukatarsa shi ne gaban tebur: sakamakon gwajin asibiti a Damagaram, takardar duwan, rasitin tarar jandarma. Da Faransanci aka rubuta su, kuma jami'in da ke riƙe da biro yana iya zama wanda aka turo daga Yamai, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

A irin wannan wuri jumla biyu sun fi littafin nahawu guda amfani. Ta farko: "Qu'est-ce que vous me conseillez?", wato wace shawara za ku ba ni. Ta biyu: "À ma place, que feriez-vous?", da ku ne a matsayina, yaya za ku yi. Wanda ya iya furta su ya mayar da jami'i mai ba da umarni ya zama babba da aka nemi ra'ayinsa, kuma ba kasafai babba ke ƙin wanda ya girmama shi ba.

Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu a Najeriya, amma inda ma ake koyar da shi, ta cikin Ingilishi ake bi. Nan kuskuren yake. Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ga yaro da dattijo, don haka malami kan sha wahala yana bayanin "tu" da "vous" kamar wani baƙon abu, alhali ɗan Bahaushe ya tashi da "kai" da "ku" tun a tsakar gida. Haka bambancin "je veux" da "je voudrais": na farko "ina so" ne tsirararsa, na biyu "da ma ina so" ne, irin yadda mai ladabi kan sassauta roƙo. Kai, Faransancin Nijar ma ya riga ya sha ruwan Hausa, "et la fatigue?" da ake ji a can "ina gajiya" ce ta sauya riga.

Abin da ke da wuyar gaske al'ada ce. Bahaushe mai neman shawara kan lamarin kansa yakan kewaya: doguwar gaisuwa, sannan "wani ne ya shiga wani hali". Kunya ce, kuma tana da muhallinta a zaure. Likita mai layin majinyata a ƙofa kuwa so yake ya ji "j'ai un problème", da bakin mai matsalar, ya kuma ji sunan ciwon.

Wasu za su ce Nijar ta juya wa Faransa baya, me za a yi da harshenta? Takardun ba su juya ba tukuna, kuma fataken da ke wucewa Kwatano ko Abijan da shi za su ci karo. Malami a Gumel ko Gagarawa ba ya bukatar sabon littafi: ɗalibi ɗaya ya zama likita, ɗaya majinyaci, su fara yi da Hausa, sannan su maimaita da Faransanci.