Shuwaka: Ɗacin Da Bai Kamata Ya Bar Gidajenmu Ba



Masu iya magana sun ce gaskiya ɗaci gare ta. To, yau a kan wani abu mai ɗaci za mu faɗi gaskiya: shuwaka na ƙaura daga gidajenmu, mu kuwa muna kallo. Wanda ya tashi a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango shekaru arba'in da suka wuce ya san cewa da wuya ka ratsa layi ba ka ga itacenta a bayan wani gida ba. Yau siminti ya shafe tsakar gida, ɗakunan haya sun cinye bayan gida, yaranmu da yawa kuma ba su san ta a tsaye ba, sai a ƙulle cikin leda a Kejetia.

Bari mu fara da sanin ta. Masana tsirrai suna kiranta Vernonia amygdalina. Yarbawa na ce mata ewuro, Ibo na ce mata onugbu, a Kamaru kuwa da ita ake miyar ndole. Ƙaramin itace ne da kan kai mita 2 zuwa 5 in an bar shi. Danginta ɗaya da latas da tazargade, har da ciyawar nan da mutanen Gana suka laƙaba wa sunan Janar Acheampong. Alamar wannan dangi tana ga fure. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne, in ka duba da kyau, tarin ƙananan furanni ne a dunƙule. Na shuwaka farare ne masu ƙamshi, suna fitowa da rani, ƙudan zuma na son su, irinta kuma yana da gashi mai laushi da iska ke ɗauka. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Ko dabbobi sun san darajarta. A 1987, a tsaunukan Mahale na Tanzaniya, wani masani mai suna Michael Huffman ya ga wata birinya, irin manyan nan na chimpanzi, ba ta da lafiya, tana ɓare reshen shuwaka tana tsotse ɗacin cikinsa. Ashe abin da kakanninmu mata suka riƙe ba camfi ba ne.

Za a ce ba fili. Wannan ita ce hujjar da muka fi ji, kuma ba ta da ƙarfi. Shuwaka ba ta neman gona. A sami reshe da ya ƙosa, mai tsawon kamu biyu, a cire ganyensa, a kafa shi a karkace cikin tsohon bokiti ko buhu da aka huda ƙasansa, aka cika da ƙasa da busasshen taki. A ajiye inda rana ke samu, a riƙa ba shi ruwa. Cikin makonni kaɗan zai toho. In ya yi ƙarfi a datse kansa don ya yi rassa, in ya fara fure a cire don ganye ya yawaita. Allah Ya ba Kumasi damina biyu a shekara, ta Maris zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba. Abin da 'yan uwanmu na Katsina da Maradi ke wahalar raya shi da ban ruwa, mu nan sama ke shayar mana da shi.

Akwai kuma batun tsabta. Duk mun san halin da rafin Aboabo da na Subin suke ciki, mun kuma san cewa wasu lambunan birni da ruwan rafuka ake shayar da su. Ba zargin kowa muke yi ba, manomi da abin da ya samu yake aiki. Amma ganyen da ka shuka da hannunka, kai ka san ruwan da ya sha.

Sai dai a yi hattara. Shuwaka abinci ce mai amfani, ba ta maye gurbin asibiti. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya ajiye maganin likita don yana shan ruwanta, yaro mai zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa, mai juna biyu kuma ta nemi shawara kafin ta sha. Wuce gona da iri wajen yabon abu shi ke zubar da mutuncinsa.

Shawararmu ita ce, duk gidan da yake da itacen ya ba maƙwabta rassa a farkon damina mai zuwa. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su kafa bokiti biyu ko uku a bakin makaranta, su ɗora wa ɗalibai kula da su. Iyayenmu mata kuma su zaunar da 'yan mata su koya musu yadda ake murje ganyen a wanke shi har ɗacin ya sauka daidai miya. Malamanmu sun karantar da mu cewa shukar da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare ta sadaka ce ga mai ita.

Kakanninmu sun zo ƙasar Asante fataucin goro, suka riƙe harshensu da addininsu da miyarsu. Kada ya zama a hannunmu ne ɗaya daga ciki ya suɓuce. Allah Ya sa albarka a abin da muka shuka, amin.