Jirgin Attajirai, Aikin Hannun 'Yan Ƙauye

Yau za mu leƙa Raja Ampat, tarin tsibirai fiye da 1,500 a gabashin Indonesiya. Can masu hannu da shuni daga Turai da Amurka ke zuwa hutu. Sukan yi mako guda ko fiye suna kwana cikin jirgin ruwa na katako, da rana kuma su goya tukunyar iska su nutse ƙarƙashin teku, suna kallon kifaye da murjani mai rai, wanda nau'insa ya haura 500 a wurin.

Ni dai jirgin ne ya tsaya mini a rai. Sunansa finisi, kuma mutanen ƙauyukan Bulukumba, a tsibirin Sulawesi, ke sassaƙa shi da hannu a bakin teku. Sai sun haɗa jikinsa kafin su saka masa haƙarƙari. Ilimin a ka yake, uba ke koya wa ɗa. A 2017 hukumar UNESCO ta saka wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya.

Mu fa? Ina aji uku na sakandare aka tambaye ni aikin mahaifina, na ce ɗan kasuwa ne, don kunyar a ji kafinta ne. Da kuɗin kafintar nan nake jami'a yau, kuma abin yana ci mini rai har yanzu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Hutun nan, ku zauna kusa da mai sana'ar gidanku, ku yi tambaya, ku karɓi kayan aiki ku gwada. Sai mako mai zuwa.